Tambayoyi da amsoshi kan yadda Nellie Melba ta koyi waƙa, daga gidan mahaifinta zuwa Faris

Duk wanda ya fara karanta tarihin Nellie Melba, ko ɗalibin kiɗa ne ko mai sha'awar tarihin Ostireliya kawai, yakan ci karo da labari guda da ake ta maimaitawa, wato wai wata matar aure ta taso daga can ƙarshen duniya, ta shiga ajin wata malama a Faris, bayan wata 9 ta fito ta zama tauraruwa. Labarin yana da daɗin ji, kuma ita Melba ta fi kowa yaɗa shi, sai dai ya bar shekaru 25 na farkon rayuwarta a cikin duhu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu karatu suka fi yi game da waɗannan shekaru.

Wace ce Nellie Melba, kuma me ya sa ake ce mata 'yar Victoria?

Sunanta na yanka Helen Porter Mitchell, an haife ta ranar 19 ga Mayu 1861 a Richmond, wata unguwa ta birnin Melbourne, ta rasu a Sydney ranar 23 ga Fabrairu 1931. Mawaƙiyar opera ce, wato wasan kwaikwayon Turai da ake rera dukan zantukansa da waƙa tare da makaɗa, kuma muryarta sofrano ce, wadda ita ce mafi tashi sama a cikin muryoyin mata. Ita ce mawaƙiyar Ostireliya ta farko da sunanta ya zagaye duniya a wannan fanni, hotonta kuma yana kan takardar dala 100 ta ƙasar.

Kalmar Victoria ta dace da ita ta fuska biyu. Melbourne shi ne babban birnin Victoria, wadda a lokacin haihuwarta yanki ne ƙarƙashin mulkin Birtaniya, yanzu kuma jiha ce a Ostireliya. Sannan ta tashi, ta yi karatu, ta kuma yi suna a zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a 1901. Sunan Melba ma daga Melbourne aka yanko shi.

Wane irin gari ne Melbourne a lokacin ƙuruciyarta? Akwai inda mutum zai koyi waƙa da gaske?

Gari ne sabo mai kuɗi. Turawa sun kafa shi a 1835, an raba Victoria daga New South Wales a 1851, kuma a wannan shekarar aka gano zinariya a wuraren Ballarat da Bendigo, jama'a suka yi ta kwarara daga Turai da Amurka da Sin. Inda kuɗi ya taru, makaɗa da mawaƙa ba sa daɗewa ba su iso ba. An kafa ƙungiyar mawaƙa ta Melbourne Philharmonic a 1853, Jamusawa baƙi sun kafa nasu ƙungiyoyin waƙa na maza da ake kira Liedertafel, sannan William Saurin Lyster ya iso da kamfaninsa na opera a 1861, shekarar da aka haifi Melba, ya kuma ci gaba da nuna wasannin Italiya da na Faransa har rasuwarsa a 1880.

Abin da garin ya rasa shi ne babbar makarantar kiɗa, domin ta jami'ar Melbourne ba ta buɗe ba sai a 1895, lokacin da Melba ta riga ta yi suna a Turai. Saboda haka mai son koyon waƙa yana dogara ne da gida, da coci, da makarantun 'yan mata, da kuma malamai masu zaman kansu, waɗanda da yawansu mawaƙa ne da suka zo da kamfanonin opera suka ga wuri suka zauna. Manyan malamanta biyu na Melbourne, Madam Christian da Pietro Cecchi, duka baƙi ne da suka sami horo a Turai.

Wa ya fara koya mata kiɗa?

Mahaifiyarta, Isabella Ann Dow, wadda ta iya fiyano da ogan da garaya irin ta Turawa, ita ta fara ɗora hannun yarinyar a kan fiyano. 'Yan'uwan mahaifiyar mata ma suna da murya, kuma sun taimaka wajen koya mata. Mahaifinta David Mitchell, magini ne da ya zo daga Sikotlan a 1852, yana kaɗa goge irin na Turawa, yana kuma rera waƙa da murya mai kauri a rukunin mawaƙan cocin Scots da ke titin Collins, cocin da shi da kansa ya gina sabon gininsa a farkon shekarun 1870. Shi ne kuma ya gina katafaren zauren baje koli na Melbourne wanda aka buɗe a 1880. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma a gidansu mai suna Doonside waƙoƙin addini da na gargajiyar Sikotlan abin yau da kullum ne.

Akwai wani ɗan abu da masu karatu kan tsallake. Tana yarinya ta cika rera waƙa baki rufe da yin fito, har abin yana damun mutanen gida, domin a wancan zamani fito ba ɗabi'ar 'ya mace mai tarbiyya ba ce. Da ta girma ta riƙa cewa wannan rerawa da baki rufe motsa murya ne mai amfani, wanda ta yi shekaru tana yi ba tare da ta san darajarsa ba.

Gaskiya ne ta fara waƙa a gaban jama'a tana da shekara 6?

Haka ta ba da labari a littafin tarihin rayuwarta, Melodies and Memories, wanda ya fito a 1925. Ta ce a zauren taro na Richmond ta rera waƙoƙi biyu, ɗaya cikinsu tsohuwar waƙar Sikotlan ce da kakarta ta koya mata da karin harshen can, jama'a kuma suka yi ta tafi. Da ta sauko tana jiran yabo daga wata ƙawarta, sai ƙawar ta ce mata ita dai abin da ta gani shi ne ɗan kamfanta ya leƙo. Ya kamata mai karatu ya san cewa wani matashin marubuci ɗan Ingila, Beverley Nichols, ya taimaka wajen rubuta littafin, kuma an rubuta shi ne lokacin tana da shekara sama da 60, saboda haka labaran ƙuruciyar da ke ciki an goge su sun yi sheƙi. Wannan gargaɗi zai sake amfani a amsar da ta shafi dalilin share sunan Cecchi.

Idan mahaifinta mai son kiɗa ne, me ya sa ya ƙi ta zama mawaƙiya?

Domin a wurin ɗan cocin Presbyterian mai tsananin riƙo irinsa, kiɗa a gida da coci abu ne daban, hawa dandali don karɓar kuɗi kuma abu ne daban. Iyalai masu hali na wancan zamani suna biyan kuɗi 'ya'yansu mata su koyi fiyano da waƙa saboda ado ne ga mace, yana ƙara mata daraja a idon masu neman aure, amma mace mai rawa da waƙa a gidan wasa ana yi mata kallon marar kamun kai. Melba ta ba da labarin wani taron waƙa da ta shirya tana budurwa, mahaifin ya bi abokansa ya roƙe su kada su je, har mutum biyu kacal suka halarta, ita kuwa ta rera musu dukan abin da ta shirya.

Duk da haka, adalci ya sa a faɗi cewa aljihun David Mitchell ne ya ɗauki nauyin kusan dukan horonta. Shi ya biya makaranta, a tafiyarsa ta je Landan a 1886, kuma shi ya ba ta kuɗin da ta zauna da su a Faris. Taurin kan da ta yi amfani da shi ta saɓa masa ma, a wurinsa ta gada.

Me ta koya a makaranta, kuma wace ce Madam Christian?

Bayan wata makarantar kwana a Richmond, ta shiga Presbyterian Ladies' College, wadda aka buɗe a gabashin Melbourne a 1875, ta kasance cikin ɗalibai na farko-farko. A can ne ta sami darasin waƙa na farko mai tsari a hannun Mary Ellen Christian, mawaƙiya mai kaurin murya wadda aka haifa a Kanada, ta yi karatu a Royal Academy of Music ta Landan ƙarƙashin shahararren malamin waƙa Manuel García, sannan ta koma Ostireliya saboda lafiyarta. Daga baya Madam Christian ta shiga ƙungiyar mata masu zaman zuhudu ta cocin Katolika, ta kuma kafa makarantar kiɗa a Sydney wadda ta sa wa sunan malaminta García.

Muhimmancinta a wannan tarihi ya wuce tsawon lokacin da ta yi tana koyar da yarinyar. Ta hannunta ne ƙa'idojin García na numfashi da fitar da sauti suka fara isa kunnen Melba tun tana 'yar shekara goma sha, shekaru da dama kafin ta haɗu da Marchesi, malamarta ta Faris, wadda ita ma ɗalibar García ce. Duba amsar da ke bayani a kan García a ƙasa.

Me ya sa ake cewa makaɗiya ce kafin ta zama mawaƙiya?

Saboda a lokacin 'yan matancinta mutanen Melbourne sun fi saninta da fiyano da ogan fiye da murya. Ta yi karatun fiyano a hannun Alice Charbonnet, wadda daga baya ta haifi shahararriyar 'yar ninƙaya Annette Kellerman, kuma ta riƙa kaɗa ogan a cocin Scots. A cikin labaran da ta bayar akwai na wani taro a gidan gwamna, inda bayan ta yi kiɗa ta kuma yi waƙa, matar gwamnan ta ce mata kiɗanta yana da kyau amma waƙarta ta fi, kuma wata rana za ta bar fiyano ta kama waƙa.

Wannan tushe ya yi mata amfani har ƙarshen rayuwarta. Tana karanta rubutun kiɗa kai tsaye, tana iya zama gaban fiyano ta koyi sabon wasa ita kaɗai ba tare da ta gajiyar da muryarta ba, kuma masu sharhi na zamaninta sun yi ta yabon yadda sautinta ke sauka daidai inda ya kamata, ba sama ba ƙasa. Mawaƙin da ya fara da kayan kiɗa yakan sami irin wannan kunne.

Wane ne Pietro Cecchi, kuma tsawon wane lokaci ta yi a hannunsa?

Mutumin Italiya ne daga birnin Rum, mawaƙin opera mai siririyar muryar maza, wanda ya zo Ostireliya a farkon shekarun 1870 tare da kamfanin mawaƙiya Agatha States, ya zauna a Melbourne ya zama malamin waƙa. Nellie Mitchell ta fara zuwa wurinsa wajen 1880, lokacin da take barin makaranta, ta ci gaba da zuwa, ban da lokacin da ta yi a Queensland, har tafiyarta Landan a 1886. Ke nan daga farko zuwa ƙarshe, har da lokacin Queensland, kusan shekaru 6 ne, kuma su ne shekarun da muryar mace ke gama nuna, daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa tsakiyar ashirin.

Cecchi ya koyar da ita bisa tsohuwar hanyar Italiya da ake kira bel kanto, ma'ana kyakkyawar waƙa, wadda ta ƙunshi jan sauti a santsi ba yankewa, da hawa da sauka cikin sauri ba tare da sauti ɗaya ya shige cikin wani ba, da kuma furta Italiyanci yadda masu shi ke furtawa. A hannunsa ta koyi manyan waƙoƙin Verdi da Donizetti da Bellini. Shi ne kuma mutum na farko mai ilimin abin da ya gaya mata cewa muryarta ta isa ta yi sana'a da ita a duniya.

Aure da zaman Queensland ba su katse mata karatu ba?

Sun katse na kusan shekara biyu. Mahaifiyarta ta rasu a 1881, ƙaramar ƙanwarta ta bi bayanta cikin 'yan watanni, sai mahaifin ya tafi da Nellie yankin Mackay a Queensland, inda ya sami aikin gina masana'antar sukari. A can ta haɗu da Charles Armstrong, ɗan wani mai sarauta daga Ayalan, suka yi aure a Brisbane ranar 22 ga Disamba 1882, ta haifi ɗansu George a Oktoba 1883. Zaman bai yi daɗi ba. Ta ba da labarin ruwan sama na makonni, da danshin da ya lalata mata fiyano, da kaɗaici a tsakiyar gonakin rake.

Abin lura ga mai bin tarihin horonta shi ne wanda ta riƙa rubuta wa wasiƙa a wannan lokaci. Cecchi ne. Wasiƙun suna nan, cike suke da girmamawa, tana gaya masa halin muryarta, tana neman ya taimaka mata ta sami hanyar yin waƙa don kuɗi. A farkon 1884 ta ɗauki jaririnta ta koma Melbourne, ta koma darasi.

Yaushe ta fara waƙa a matsayin sana'a?

Ranar 17 ga Mayu 1884, kwana biyu kafin ta cika shekara 23, a babban zauren birnin Melbourne, a wani taron Liedertafel da aka shirya don tallafa wa wani shugaban makaɗa mai suna Elsasser da ba shi da lafiya. Da sunan Misis Armstrong ta fito, ta rera babbar waƙar Violetta daga La traviata ta Verdi, jaridu kuma suka yaba ƙwarai. A wannan dare ta haɗu da mai busa sarewa John Lemmone, wanda ya zama amininta kuma mai shirya mata tafiye-tafiye har mutuwarta.

Shekara biyu da suka biyo baya wata makaranta ce ta daban. Ta yi waƙa a garuruwan Victoria da Sydney, ta yi rangadi tare da mai goge Johann Kruse, ta kuma zama babbar sofrano a cocin Katolika na St Francis a Melbourne duk da ita 'yar Presbyterian ce. A nan ta koyi tsayuwa gaban jama'a da cika babban zaure da murya, abin da ba a koyo a ɗakin darasi.

Idan horon Melbourne mai kyau ne, me ya sa Landan ta ƙi ta a 1886?

An naɗa mahaifinta wakilin Victoria a bajen kolin ƙasashen mulkin Birtaniya da Indiya na wannan shekara, ta bi shi da mijinta da ɗanta. Mai tsara kiɗa Sir Arthur Sullivan ya saurare ta ya ce ta ƙara karatu, bayan shekara guda wataƙila ya ba ta ɗan ƙaramin matsayi a wasansa The Mikado. Malamin waƙa Alberto Randegger bai karɓe ta ba. Makaɗi Wilhelm Ganz ne ya ga baiwarta, ya sa ta a wani taron waƙa a watan Yuni, amma jaridu ba su kula ba.

Masu goyon bayan Marchesi sukan kafa hujja da wannan, kuma hujjar tana da ɗan ƙarfi, domin akwai gyaran da muryar ke buƙata. Sai dai a tuna cewa Landan ta 1886 cike take da 'yan mata masu neman a saurare su, kuma matar aure daga ƙasar mulkin mallaka, wadda babu wani babban malamin Turai da ya tsaya mata, ba ta da abin da zai sa manya su kasa kunne da kyau. Watanni kaɗan bayan haka, ba tare da wani sabon darasi a tsakani ba, wannan muryar ce ta gigita Marchesi.

Yaya aka yi ta kai ga Marchesi?

Ta hanyar Melbourne. Elise Wiedermann, tsohuwar mawaƙiyar opera daga Biyana, babban birnin Ostiriya, kuma tsohuwar ɗalibar Marchesi, ta auri Carl Pinschof, ƙaramin jakadan Ostiriya a Melbourne, ita ce ta ba ta takardar gabatarwa. Mathilde Marchesi Bajamushiya ce da aka haifa a Frankfurt a 1821, ta koyar a Biyana da Kolon kafin ta buɗe makarantarta a Faris a 1881, kuma ɗalibanta sun haɗa da Emma Calvé da Emma Eames da Sibyl Sanderson.

Kamar yadda Melba ta faɗa, ta rera waƙar nan ta La traviata, Marchesi ta tsayar da ita ta tambaye ta dalilin da ya sa take ƙwala sautukan sama, ta ce ta rera su a hankali. Da ta yi, sai malamar ta fita da gudu ta kira mijinta Salvatore tana cewa a ƙarshe ta sami tauraruwa. Mai karatu ya lura cewa waƙar gwajin ita ce wadda ta rera a Melbourne a 1884, wato wadda ta koya a hannun Cecchi.

Takamaimai me Marchesi ta koya mata?

Tsarin Marchesi ya ginu a kan raba muryar mace kashi uku: muryar ƙirji a ƙasa, ta tsakiya, da muryar ka a sama. Babban aikin malami a ganinta shi ne ya daidaita mahaɗar waɗannan uku har mai sauraro ya kasa gane inda aka sauya, kuma ta tsananta wajen hana ɗaliba tura muryar ƙirji ko ta tsakiya sama fiye da iyakarta, domin ta yi imani wannan ne ke kashe murya da wuri. Tana sa masu farawa su yi atisaye na 'yan mintoci kaɗan su huta, a kan wasali kawai ba kalmomi, kuma mata kaɗai take koyarwa. Gyaran sautukan sama da ta yi wa Melba tun ranar farko shi ne zuciyar abin da ta ƙara mata, wato sauƙi da haske a sama maimakon ƙarfi.

Sauran abin da ta ba ta ya shafi sana'a. Ta koya mata wasanni cikakku, ba waƙoƙi ɗai-ɗai ba, ta koya mata shiga da mu'amala da manyan Faris, ta gabatar da ita ga masu tsara kiɗa da shugabannin gidajen opera waɗanda ke zuwa tarukan ɗalibanta. A irin wannan taro ne a ƙarshen 1886 ta fara fitowa da sunan Melba, kuma ta wannan hanya shugabannin gidan opera na La Monnaie da ke Brussels suka ji ta. A can ta fara wasan opera a Oktoba 1887, a matsayin Gilda cikin Rigoletto, ta biyo da gidan opera na Covent Garden a Landan a Mayu 1888, sannan babban gidan opera na Faris a 1889.

Ana yawan ambaton García. Mene ne alaƙarsa da ita, tunda bai koyar da ita ba?

Manuel García ƙarami, wanda ya rayu daga 1805 zuwa 1906, ɗan gidan mawaƙa ne 'yan asalin Sifen, ɗan'uwan Maria Malibran da Pauline Viardot, kuma malamin Jenny Lind. Shi ne a 1854 ya yi amfani da ƙaramin madubi ya kalli maƙogwaronsa yana waƙa, abin da likitoci suka ɗauka daga baya ya zama kayan aikinsu. Madam Christian ɗalibarsa ce, Marchesi ma ɗalibarsa ce har ta taɓa zama mataimakiyarsa. Saboda haka malamar waƙar Melba ta farko da ta ƙarshe daga rijiya ɗaya suka sha, wannan kuma yana cikin dalilan da suka sa abin da aka gaya mata a Faris bai zo mata baƙo ba.

To wa ya gina muryar, Cecchi ko Marchesi?

Wannan ita ce tambayar da masu tarihinta suka fi jayayya a kai. Melba ta tsaya a kan cewa Marchesi ce malamarta tilo, tana kiranta uwa, tana sa hannu a wasiƙu a matsayin 'yarta, har ta rubuta gabatarwa ga wani littafin darussan Marchesi da ya fito a 1901. A ɗaya ɓangaren, marubuta irin su John Hetherington, wanda littafinsa a kanta ya fito a 1967, sun nuna cewa an tauye wa Cecchi haƙƙi.

Lissafin lokaci yana tare da ɓangare na biyu. Marchesi da kanta tana koyar da cewa gina murya daga tushe aiki ne na shekaru, kuma ba ta barin sabuwar ɗaliba ta taɓa waƙa mai kalmomi da wuri. Amma ga ɗalibar da ta fito gaban manyan Faris cikin 'yan watanni, ta hau dandalin Brussels bayan shekara guda da isowarta. Wannan ba zai yiwu ba sai idan numfashi, da saurin hawa da sauka, da karkarwar murya, da harshen Italiya duk sun riga sun zauna kafin ta iso. A ganin mai wannan rubutu, Melbourne ce ta yi ginin, Faris ta yi yaɓe da fenti, ta kuma buɗe ƙofofin da Cecchi, yana zaune a titin Collins, ba shi da mabuɗinsu.

Wannan bai rage darajar Marchesi ba. Gyaran sautukan sama ƙaramin abu ne a baki, amma shi ne ya bambanta mawaƙiyar da za ta yi shekara 10 ta gaji da wadda ta yi bankwana da Covent Garden a Yuni 1926 tana da shekara 65 muryarta na nan da haskenta.

Me ya sa ta share sunan Cecchi daga tarihinta?

Dalilin da ita ta bayar kuɗi ne. Ta ce ana gab da tafiyarta Landan sai ya taso da maganar kuɗin darasi da yake binta, ya yi barazanar sa a riƙe akwatunanta, ta biya cikin fushi, ta kuma rantse ba za ta ƙara ambatonsa a matsayin malaminta ba. Labarin daga bakinta kaɗai ya fito, kuma Cecchi ya rasu a 1897, shekaru da yawa kafin littafinta, saboda haka bai sami damar ba da nasa ba. Wasiƙun Mackay da aka ambata a sama sun nuna yadda ta dogara da shi kafin saɓanin.

Akwai kuma dalilin kasuwa. A Turai ta wancan lokaci, sunan Marchesi takardar shaida ce mai buɗe ƙofa, sunan wani malamin Melbourne kuwa ba ya sayen komai. Labarin tauraruwar da aka gano a rana ɗaya ya amfani malama da ɗaliba baki ɗaya.

Ban da malaman murya, su wa suka yi mata tasiri a farkon sana'arta?

Masu tsara kiɗan da kansu. Charles Gounod ya bi da ita cikin Faust da Roméo et Juliette, Ambroise Thomas ya ji ta a Hamlet, Léo Delibes kuma ya amince ta rera Lakmé duk da Faransancinta a lokacin yana da gyara, har ta ɗauki malamar harshe ta duƙufa a kai a Brussels. Shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo Sarah Bernhardt ta nuna mata yadda za ta motsa a matsayin Marguerite cikin Faust, ko da yake masu sharhi ba su taɓa ɗaukar Melba gwanar kwaikwayo ba. Daga baya ta je Italiya ta koyi La bohème a wurin Puccini.

Akwai lokacin da ta saɓa wa horonta?

Akwai, kuma ta ji a jikinta. A Disamba 1896 a gidan opera na Metropolitan da ke New York ta rera Brünnhilde a Siegfried na Wagner, matsayin da ke buƙatar murya mai nauyi da za ta keta ƙarar makaɗa masu yawa, kuma Marchesi ba ta goyi bayan wannan gwaji ba. Sau ɗaya ta yi, muryar ta ji rauni, ta tafi hutu na dogon lokaci, ba ta sake komawa kan matsayin ba. Wanda yake son jin abin da horon ya haifar sai ya nemi faifanta, waɗanda aka fara ɗauka don sayarwa a 1904 tana da shekara sama da 40. Na'urorin lokacin ba sa kama kyawun muryar mace mai tashi sama yadda ya kamata, amma daidaiton sauti da tsabtar karkarwa suna fitowa sarai.

Ta mayar wa Victoria abin da ta koya?

Daga 1915 ta riƙa koyar da 'yan mata a makarantar kiɗa ta titin Albert a gabashin Melbourne, wadda Fritz Hart ke shugabanta, kuma a 1926 aka buga littafin darussanta mai suna Melba Method, wanda ya bi ƙa'idar Marchesi ta kashi uku na murya da hana tilasta ta. Cikin ɗalibanta akwai Stella Power da Gertrude Johnson. Elise Wiedermann, wadda ta rubuta mata takardar zuwa Faris, ita ma ta koyar a wannan makaranta, kuma ɗalibarta ce Florence Austral, wadda aka haifa a Richmond kamar Melba, ta kuma yanko sunanta na dandali daga sunan ƙasar. A wasiyyarta Melba ta bar wa makarantar fam 8,000 don tallafin karatun waƙa, a 1956 kuma aka sauya wa makarantar suna zuwa nata.